Tsimin Mesiye Shimi a Gidan Wanki

"Ni Abdulganiyu, a ba ni shago na wata guda kawai, a ga aiki! Zaman da na yi a kamfanin fenti na Bassa ba barci na je yi ba. Babu ruwan sinadarin da bai san ni ba. Turawan nan ma in abu ya cije musu, ni suke nema."

Haka yake faɗa kullum a teburin mai shayi na bakin masallaci a unguwar New Bell ta Douala, yana kaɗa cokali a iska kamar mai ba sojoji umarni. Kuma ka ji, abokina, ba duka ne ƙarya ba. Turawa suna nemansa, in tabarsu ta ƙare. Aikinsa a kamfanin shi ne ya ɗaga sandar ƙofa in mota ta zo, ya sauke in ta wuce. Duk sinadarin da ya sani, a bayan tirela ya hango shi. Da aka zo rage ma'aikata, sandar ƙofar aka fara tausaya wa, aka raba ta da shi.

Ya dawo unguwa da abu biyu: farar riga irin ta likitoci, wadda ba wanda ya san yadda aka yi ta biyo shi gida, da tabarau marar magani. Muka sa masa suna Mesiye Shimi. Shi ya ɗauka shimi na Faransanci muke nufi, wato ilimin haɗa sinadarai, har yana dafa ƙirji in an kira shi. Mu kuwa shimin da mata ke sawa a ƙarƙashin riga muke nufi.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa ce. 'Yan boko suna ce wa zamanin la crise, wato matsin tattalin arziki, mu muka mayar da shi ƙiris, don duk wanda ka tambaya abin da ya rage a aljihunsa, sai ya ce saura ƙiris. Yayar Ganiyu, Hajiya Iyatu, tana da gidan wanki da guga a bakin titi. Mijinta akawu ne a Bonanjo, an yanke albashinsa har ya koma kamar kuɗin tara na yara, saboda haka shagon nan ne ke ciyar da gida, har da shi Mesiye Shimi da cokalinsa. Ma'aikata biyu gare ta: Baraka mai wanki, da Ɓoɓɓo mai guga, wani dogon Bafillace da bai cika magana ba. Jabel mai faranta kaya, soda, sitaci, ruwan asid na cire tsatsa, komai ya yi tashin gwauron zabo, Hajiya tana ta ƙorafi.

Ana cikin haka 'yarta ta haihu a Ngaoundéré, haihuwar fari, dole ta je wankan jego. Ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga wanda za ta bar wa makulli ba sai ƙanenta.

"Ganiyu, abu ɗaya nake roƙonka. Ka karɓi kaya, ka ba da kaya. Kada ka taɓa min sito."

"Haba Yaya! Kin san da wa kike magana? Kafin ki dawo, kuɗin kayan wankin nan zai ragu har sai kin ɗauka kyauta ake ba ki."

"Ban ce ka rage komai ba. Na ce kada ka taɓa."

"Tranquille, Yaya, kwantar da hankalinki. Ki gaida mai jego."

Jirgin ƙasa bai gama fita daga Douala ba, Mesiye Shimi ya zura farar riga ya buɗe sito.

Ya tarar da jarkoki a jere, kowace da takardarta a manne, wasu har da hoton ƙoƙon kan mutum. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana girgiza kai. Ya san masu sayar da fetur a bakin titi suna neman jarka ido rufe. To me zai sa a bar dukiya a zaune tana gadin ruwa? Ya aika aka tsinto masa robobin ruwan sha, ya samo mazurari, ya juye komai a ciki, ya kwashi jarkokin ya kai kasuwar Nkololoun. Da yamma sito ya koma kamar shagon mai sayar da ruwa: robobi iri ɗaya, ruwa fari iri ɗaya, ba suna ba alama.

Ɓoɓɓo ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira shi Shef, wato oga.

"Shef, yaya mutum zai gane wannan da wancan?"

Ganiyu ya ɗora yatsa a kan hancinsa. "Da wannan, mon ami. Takarda ta jahilai ce. Ni daga nan ina jin bambancin jabel na bana da na bara. In kuna son abu, ku tambaye ni."

"In ba ka nan fa?"

"Ku jira."

Washegari ya ga Baraka tana sa safar hannu ta roba. Ya tambaye ta nawa ake sayar da ita yanzu, ta faɗa masa, ya yi salati.

"Abu mai tsada haka kike tsomawa a ruwan soda? Ai lalacewa zai yi! Kawo nan."

"Shef, to hannuna fa?"

"Hannu in ya sale yana tsirowa da kansa. Safa in ta huje sai an sayo. Wannan shi ake kira économie, wato tsimi."

Ya haɗa da takunkumin hanci ya kulle a akwati, kada su tsufa. Daga nan ya ɗaga kai ya ga tagar ɗakin wanki a buɗe, warin jabel yana fita titi.

"Kun ji warin nan? Ƙarfin maganin ke nan yake tafiya. Mun saya da kuɗinmu, maƙwabta suna shaƙa kyauta."

Ya ɗauko guduma da ƙusoshi ya garƙame tagar. Fankar da ke jan iska waje kuwa ya cire wayarta, don ita ma wuta take ci.

Ka san Douala da damina. Sama ruwa, ƙasa ruwa, jikin mutum ruwa. Ɗakin ya zama tukunyar dambu. Hannun Baraka ya fara saɓulewa kamar bayan busasshen kifi, wankin da take gamawa kafin azahar ya koma kaiwa magariba. Ta nuna masa tafin hannunta, ya ce mata "ashiya", wato sannu, ya ba ta shawarar ta shafa man ja, amma kaɗan. Shi kuma, da yake kullum yana tsugune a sito yana shinshina robobi don a ga aiki, sai mura ta kama shi, irin wadda ke toshe hanci kamar an zuba siminti. Bai gaya wa kowa ba. Baraka ta nemi sitaci, ya buɗe roba, ya ja numfashi, bai ji komai ba, ya miƙa mata da ƙarfin hali. Ranar zanin gadon wani otal ya fito da ƙamshi mai daɗi amma laɓe-laɓe, rigunan wani Alhaji kuma suka sandare har suna iya tsayawa sallah su kaɗai.

Sai ga Metir Hayatu. Lauya ne, shi ya sa ake ce masa Metir, ɗan unguwa ne, a nan aka haife shi, yanzu yana zaune a Bonapriso amma wankinsa bai taɓa barin hannun Hajiya ba. Ya shigo da baƙar rigarsa ta shiga kotu a rataye, yana riƙe da ita kamar jariri.

"Ina Hajiya?"

"Ta yi tafiya, Metir. Ni ne directeur technique."

Lauya ya dube shi sama da ƙasa. "Rigar nan daga Faransa na yo odarta tun kafin kuɗi su lalace. Yanzu in na ce zan sayi wata, sai na sayar da mota. Ina da babbar shari'a ranar Litinin. Guga kawai nake so, a ɗan fesa mata turare."

"Metir, rigarka ba za ta shiga hannun ma'aikata ba. Ni da kaina."

Ɓoɓɓo ya miƙo hannu zai karɓa, Ganiyu ya buge hannun. Ya shimfiɗa rigar a tebur, ya shiga sito, ya zaɓi robar da ta fi yi masa kama da turaren kaya. Ya tsiyaya a tafin hannu, ya yarfa daga wuya har ƙasa, ya ƙara yarfawa don lauya babban mutum ne. Ya juya ya ɗauko dutsen guga. Da ya juyo, sai ya ga rigar tana fitar da ɗigo-ɗigo ja, nan ɗaya, can ɗaya, suna faɗaɗa suna gaisawa da juna. Kafin ya gama cire tabarau, rigar lauya ta koma fatar damisa.

Ɓoɓɓo ya ce, "Jabel ne."

"Na sani! Gwaji nake yi."

"To ya yi."

Wani mai hankali da a nan zai tsaya ya nemi lauya ya ba shi haƙuri. Amma ai ba labarin mai hankali nake ba ka ba. Mesiye Shimi ya sayo baƙin man takalmi, ya bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya ya cike, ya ɗora dutsen guga a kai don ya kama. Ya kuwa kama. Rigar ta kama dutsen, dutsen ya kama teburin, hayaƙi ya tashi da warin tayar da aka ƙone.

Ya zauna ya yi tagumi, can sai ya zabura ya tafa hannu.

"Voilà! Matsalar ita ce rigar ba ta yanke shawara ba, baƙa ce ko ja. Za mu mayar da ita fara fat, sannan mu rina ta baƙa. Sabuwa za ta koma. Har ƙarin kuɗi zai ba mu."

Ranar Asabar da hantsi ya jawo babban baho tsakiyar ɗakin wanki. Ya ce jabel shi kaɗai ba zai iya da man takalmi ba, sai an haɗa masa mataimaka. Kuma ga ragowar robobi rabi-rabi sun cika sito, in aka juye su wuri ɗaya an yi tsimin wuri, robobin ma a sayar.

Baraka ta ja da baya. "Shef, Hajiya ba ta taɓa haɗa su ba. Ko kusa da juna ba ta ajiye su."

"Shi ya sa har yanzu Hajiya take hawa taksi. Matsa ki ga ilimi."

Ya tsoma rigar. Ya juye roba ta farko, ya juye ta biyu, ya bi da ta uku. Ya ɗauko muciya yana juyawa yana 'yar waƙa. Bahon ya yi tsuwwa, ya yi kumfa, wani hayaƙi ruwan ɗorawa ya taso yana rarrafe a ƙasa kamar mai neman wanda zai kama.

Baraka ce ta fara tari. Idonta ya rufe, ta laluba ƙofa ta faɗa titi tana ihu, "Barkonon tsohuwa! Barkonon tsohuwa!" Ɓoɓɓo, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko a sahun sallah, ya tsallake teburin guga da tsalle ɗaya.

To ka san New Bell ba ta manta shekarar yajin rufe gari ba, lokacin da barkonon tsohuwa ya zama turaren unguwa. Kalmar na fita, titi ya hargitse. Mai soya ya bar namansa a wuta ya ranta a na kare. Masu shaguna suka ja ƙofofi garam-garam. Wani ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya zubar da fasinjarsa da kwandon tumatur a kwata, bai ko waiwaya ba. Tsofaffin bakin masallaci suka tsoma rawunansu a buta suka rufe fuska. Wani daga bene ya ƙwala, "An yi juyin mulki!" Wata mata ta goya tukunya ta bar ɗanta, sai da ta kai kwana ta dawo ta yi musanya.

Shi kuwa injiniya? Hayaƙin ya shiga tsakaninsa da ƙofa. Ya ruga taga, ya tarar wani mugu ya garƙame ta da ƙusoshi. Ya fara zagin mugun kafin ya tuna ko wane ne. Ya sa kafaɗa, ya sa kai, katako ya balle, ya zura rabin jikinsa waje, sai ƙusa ta riƙe wandonsa. Ya tsaya a nan, kai a titi, sauran a shago, yana tari yana kiran sunan Allah da Faransanci da Hausa. Ɓoɓɓo ne ya dawo ya ja shi da hannu biyu. Ganiyu ya fito. Wandon ya ce shi yana nan.

Daidai lokacin taksi ya tsaya, Hajiya Iyatu ta sauko da jakar kilishi da ƙullin daddawa. Tun a Ngaoundéré wata maƙwabciya ta aika mata cewa an ga jarkokinta a hannun masu fetur, shi ya sa ta katse zaman. Ta ga Baraka a kwance a bakin titi ana mata fifita, numfashinta yana fita da ƙyar. Ta ga hayaƙi yana fita ta tagar shagonta. Ta ga ƙanenta cikin farar riga da gajeren wando, ya tsoma kai a durom ɗin ruwan sama.

Ta ajiye kaya, ta ɗauki Baraka ta sa a taksin, suka wuce asibiti. Wallahi yadda ta wuce shi kamar babu shi ya fi mari zafi. Baraka ta kwana biyu ana ƙara mata iska, kuma Hajiya ba ta bar gefen gadonta ba, tana riƙe da hannun nan da ya sale tana hawaye.

Da iska ta kwashe hayaƙin, Metir Hayatu ya zo karɓar rigarsa. Ɓoɓɓo ya tsamo ta da sanda daga nesa. Abin da ya fito ya fi kama da ragar kamun kifi ta bakin kogin Wouri.

"Wannan ce rigata?"

Ganiyu ya gyara murya, abin da ya rage na muryar. "Metir, ka duba ta wani ɓangaren. Kotun Bonanjo akwai zafi. Yanzu za ta riƙa shan iska."

Lauya ya juya ya fice. Darajar Hajiya ce kawai ta hana shi shigar da ƙara. Rigar aro ya sa ranar Litinin, ta wani gajeren abokinsa, ta tsaya masa a gwiwa.

Bayan an sallamo Baraka kuma jami'in ofishin tsafta ya iso, wani matashi mai suna Mukhtar, jikan limamin unguwa, da kyamara a wuya. Ya zagaya shagon ya ga robobi, ya ga taga, ya ga safar hannu sababbi a kulle a akwati. Ya gaya wa Hajiya cewa jabel da asid in suka haɗu guba suke fitarwa, da ƙofar a rufe take da yanzu zaman makoki ake. Ya ce shago zai zauna a rufe sai an gyara, ga kuma tara.

Ganiyu ya matso. "Mon petit, ni na yi aiki da Turawa. Abin da ya faru réaction ce kawai, ta ɗan wuce lissafi."

Mukhtar ya dube shi, ya yi murmushi irin na masu ladabi. "Kawu, muna shirya makon kare lafiyar ma'aikata, muna neman hotunan mutanen da suka yi fice. Ko za ka nuna mana yadda kake aiki?"

Ai kafin ya rufe baki, Mesiye Shimi ya gyara tabarau. Ya ɗora ƙafa ɗaya ba takalmi a bakin baho, muciya a dama, roba marar suna a hagu ya kai ta hanci, ga kwanon wake da ƙosai a gefe. Ya ce a ɗauka sau biyu, ko ɗaya zai ƙone.

Hajiya ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya da sarƙar da ta yo tsaraba daga Makka. Ta biya tara, ta biya asibiti, ta ba lauya abin da ya sawwaƙa. Ta sayo sababbin jarkoki da sunayensu, jabel a kusurwa ɗaya, asid a wata, ta buɗe taga, ta mayar da fanka, ta fito da safar hannu. Mukhtar ya ba ta ɗan kofin awo, ya ce ta daina zubawa da ido. Abin mamaki, jarkar da a da ba ta kai ƙarshen wata sai ga ta tana tsallakawa, kaya sun daina lalacewa, Baraka ta dawo tana gama wanki kafin azahar. Tsimin da Ganiyu ya yi ta nema da guduma, ashe yana cikin kofin roba.

An hana shi ko taka bakin sito. Amma ka ɗauka ya yi shiru? A teburin mai shayi cewa yake, "Kun ga yadda shagon Yaya ya gyaru? Wa ya jawo? Sai da na girgiza tsarin. Gwamnati ma ta gane, hotona za su kafa."

Ranar buɗe makon, ya gayyaci unguwa kaf zuwa harabar ofishin. Ya sa babbar riga, ya aro takalmi, ya zauna a layin gaba yana ɗaga wa mutane hannu. Hajiya ma ta je, don an ce masu gidajen wanki su halarta. Aka yi jawabai, aka ja ƙyallen da ya rufe babban allo.

Hoto biyu ne. A dama wata ma'aikaciya da safar hannu da takunkumi, an yi mata alamar kore. A hagu Mesiye Shimi, ƙafa a baho, roba a hanci, an zabga masa wani jan X tun daga hula har yatsun ƙafa.

Sai mai shayi ya fara dariya, kamar buta na tafasa. Ɓoɓɓo ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Kafin ka ce me, har masu jawabi suna share hawaye.

Ganiyu ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ɗaga hannu.

"Jahilci dai bai yi ba! Wanda bai je makaranta ba ina zai sani? Wannan ba soke ba ne. A lissafin Rumawa, X goma ke nan. Maki suka ba ni. Goma cif!"

Hajiya Iyatu ta ɗauki jakarta, ta gyara mayafi, ta dube shi.

"Ganiyu, a ƙasar nan bisa ashirin ake ba da maki. Ko a ƙaryar taka ma rabi ka ci."